Cokali Uku da Buzun Baba

Ku 'ya'yana, na san abin da ake ce muku a hanyar makaranta. Na san ranar da autarku ta dawo da kuka, wai an kira ta 'yar mai burukutu, kuma na san babarku ta ce kada a faɗa mini. To an faɗa mini. A garin nan ko kaza ta yi tari a gabas, kafin ta rufe baki an kai labari yamma cewa ta haɗiye taɓarya. Yau na haura hamsin, haƙoran gefe sun fara sallama ɗaya bayan ɗaya, saboda haka gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun bakina yana iya tauna magana. Ni dai kun san ni da ƙara gishiri, ban musa ba. Amma a wannan babin duk inda na ƙara zan nuna muku, inda kuma ban ƙara ba ku riƙe shi da hannu biyu.

A shekarun da nake ba ku labari, ƙasa ta yi zafi irin wanda ba na rana ba. Layin fetur yakan tashi daga Kano, in ka bi shi da ƙafa sai ka iske wutsiyarsa a Ɗambatta tana cin kasuwa. Nan na ƙara gishiri, amma kaɗan. Kananzir kuwa ya fi turaren Makka daraja, mace takan auno shi a murfin kwalba ta rufe da tafin hannu kamar ta kamo fara. Ni a lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, shekara goma sha ɗaya ina wanke kwalabe, ina kunna wuta, ina kashewa, ina kallon manyan malamai suna haɗa abubuwa suna rubutawa. Sai aka shiga yajin aikin da ya ƙi ƙarewa, aka garƙame ƙofofi. Na tattaro babarku da yayanku yana goye, muka dawo gidan Baba a ƙauyenmu, nan tsakanin Minjibir da Ɗambatta, inda gona take manne da gona har ba ka da wurin da za ka yi fushi ka zauna kai kaɗai.

Kakanku shi ne limamin masallacin unguwarmu, tun kafin a haife ni yake jan salla a kan wani buzun rago da gashinsa ya ƙare saboda goshi da gwiwa. Ni ne ɗansa na fari, kun kuwa san al'adarmu. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, ko a bakin Inna. Inna takan ce "kai wannan". Baba kuwa "yaron nan" yake cewa, ko da ina tsaye a gabansa da gemu da ɗa. Har na taɓa zaton in na ɓata a kasuwa, sai dai su sa a yi shela a ce wa ya ga wannan.

Zaman banza ya ishe ni. Na yi noma, amma fartanya ta gane ni baƙo ne, ta riƙa cizona. Kullum ina kallon Inna tana hura kara a murhu, idonta yana zubar da ruwa, ga fitilar ƙwai a rataye ba mai. Sai abin da na gani ana gwadawa a wurin aiki ya dawo mini. In ka sa gawayi ya yi ja wur, ka busa masa tururin ruwa, wata iska takan fito mai kama wuta. In ka matse iskar nan da ƙarfi, ka tura ta ta cikin bututu mai zafi wanda aka cika da wani gari, sai ta fito a matsayin ruwa, ruwan da ake kunna fitila da shi, har a gauraya shi da fetur. Garin nan shi Turawa suke kira katalis. Ni dillali nake ce masa, don aikinsa ke nan: ya kamo hannun wannan ya haɗa da na wancan, ciniki ya faɗa, shi ya koma gefe yana jiran na gaba. Bambancinsa da dillalan kasuwar Ɗambatta ɗaya ne, shi ba ya karɓar la'ada. Kuma uban wannan dillali jan ƙarfe ne.

Na share kangon ɗakin da ke bayan turken awaki. Jan ƙarfe na samo shi a jikin ƙonanniyar wayar injin niƙa. Tutiya na ɓare ta daga matattun batiran rediyo, har yaran unguwa suka ɗauka na haukace. Ruwan asid na roƙo wurin wani maƙerin zinariya a birni, na narkar da su biyun, ruwan ya yi shuɗi kamar an matse sama a kwano. Sai na jiƙa kanwa na tace na zuba, wani abu kamar laka mai ruwan ganye ya kwanta a ƙasa. Shi na wanke, na wanke, na sake wankewa, na shanya, na gasa har ya yi baƙi. Injin matse iska na ciro shi daga mataccen firij, tukunyar tara ta kuwa ta masu walda ce. Bututun kaɗai ne na gaske, shi ma daga juji na tsinto shi a wurin aiki.

Inna ce ta fara gane kanwarta tana tafiya.

"Kai wannan, wai miyar wa kake kaɗawa a bayan awaki?"

"Miyar ƙarfe ce, Inna."

"To Allah ya ba ka haƙoran ci. Ka dawo mini da rariyata."

Wata uku ina fama. Iskar gawayin nan ba ta da wari, amma kisa take yi in ɗaki a rufe yake, shi ya sa na yaye rabin jinkar. Duk da haka wata safiya zakaran Inna ya leƙo, ya yi cara rabi, ya kife. Na yi masa fifita da hulata har ya farfaɗo, amma daga ranar bai ƙara bin ta bayan turke ba, kuma in ya gan ni sai ya sauya hanya. Ruwa ya fara ɗiga, amma ba wanda nake nema ba. Jan ƙarfe in ka bar shi da halinsa, ƙanin abin da nake nema yake haifa maka, wanda ake kira mitanol, mugun dafi ne, kurɓa kaɗan ta makantar da mutum. Wan nasa nake so, itanol, wanda ya fi ƙarfin wuta. Na san a wurin aiki sukan ɗanɗana wa garin wani gishiri don ya karkata can, amma ina zan same shi, ƙofa a garƙame? Ina zaune ina wannan tunani sai na ga Inna tana tsiyayar ruwan toka daga tokar karan gero, irin wanda take sa wa miya. Na yi tsalle har na taka akuya. Gishirin da nake nema ai ɗan'uwansa ne yake cikin tokar nan. Na saci ludayi guda na jiƙa garina da shi, na sake gasawa. Bayan mako biyu abin da ya ɗiga ya sauya ƙamshi. Na auna shi da cokalin shayi. Cokali uku ne, kuma a nan ban ƙara ko ɗigo ba. Rabinsa ma har yanzu dafin ne.

Ƙamshin nan shi ya jawo mini. Baffa Ado, ƙanin Baba kuma na'ibinsa a masallaci, ya shigo duba wata tunkiya da ya ba Inna kiwo. Ya tsaya a bakin kangon, ya ga tukunya, ya ga bututu, ya ga ruwa yana ɗiga a kwalba. Ya buɗe hanci ya ja iska.

"Inna lillahi! Giya! A gidan liman!"

"Baffa, ba giya ba ce, mai ne."

"Ni za ka gaya wa? Wannan warin ko a kabari na ji shi na san shi."

Da na yi shiru a nan, da wataƙila an kashe wutar a cikin gida. Amma bakina bai taɓa neman shawarata ba.

"To Baffa, a ina ka san shi haka?"

Bawan Allah ya yi ci-rani a kudu yana saurayi, ya yi dako a kusa da masu dafa ta, iyakar saninsa ke nan. Amma tambayar ta shige shi kamar ƙaya. Ya fita bai ko kalli tunkiyar ba. Kafin azahar tukunyata ta zama goma. Kafin la'asar an ga motoci suna zuwa ɗauka. Washegari wata tsohuwa ta rantse ta ga zakaran Inna yana tangaɗi, wannan kuwa ba zan ce ta yi ƙarya ba.

Da a kaina abin ya tsaya, da na sha dariyata na ƙoshi. Amma a sahu ya fito. Masallacin da yake cika sahu uku da magariba ya koma biyu, ya koma ɗaya da rabi. Mutane suka riƙa wucewa ta ƙofarmu da butocinsu, suna tafiya masallacin bakin kasuwa, suna sunkuyar da kai. Aka yi suna a maƙwabta, ba a kira Baba ya raɗa ba. Yakan dawo ya zauna a soro da littafinsa a buɗe, amma na lura shafin ba ya juyawa. Inna ce ta same ni.

"Kai wannan, ka fasa tukunyar nan. Tsufansa za ka ɓata?"

"Inna, in na fasa ai na yarda giya ce."

"To ka yarda mana! Yarda tana kisa ne?"

Ranar Laraba dagaci ya aiko a zo da ni da kayana bayan la'asar. Aka taru a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, har da waɗanda rabonsu da sallar jam'i tun rasuwar iyayensu, duk sun zo kare addini. Baba yana zaune a gefe a kan tabarma. Dagaci ya ce magana ba ta da tsawo: in fasa kayan a gaban jama'a, in ce na tuba, kowa ya koma bayan liman, a wuce wurin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, fasawa mai sauƙi ce, ga dutse nan. Tuban ne ban san daga me zan yi ba. A bar ni in nuna abin da na dafa."

Na zuba cokali ɗaya a murfin kwano na ajiye a ƙasa, na ƙyasta ashana na kai. Abin da na manta shi ne wutar wannan ruwa shuɗiya ce siririya, a cikin hasken rana ba a ganinta sam. Ni ina jin zafinta a hannuna, jama'a kuwa murfi kawai suke gani. Aka fara dariya. Wani ya ce ko ashanar ce ta bugu. Baffa Ado ya taso yana gyara babbar riga.

"Ina wutar? Kun gani ko? Mai a ina! Abin sha ne, ya kawo mana wasan yara."

"Baffa, kada ka matsa."

"In matsa in ga ƙaryarka."

Ya durƙusa ya kai fuska kan murfin. 'Ya'yana, gemun Baffa Ado a lokacin ya kai ƙirji, yana shafa masa man shanu duk Juma'a. Sai muka ji ƙauri, sai muka ga gemu yana naɗewa sama shi kaɗai kamar ana kiransa. Ya yi ihu ya faɗa da baya, aka yi kansa da ruwan buta. Fatarsa ba ta ƙone ba, alhamdu lillahi, amma rabin gemun ya riga mu gidan gaskiya. Dagaci ya tura bakin rawani a baki, kafaɗunsa suna rawa. Jama'a suka kwanta da dariya, wasu suna cewa wallahi mai ne, mai ne. Na tsaya ina baza hanci, na ce a raina yau na gama da su.

Sai Baba ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Bai kalle ni ba, dagaci ya kalla.

"A tambayi yaron nan. Abin nan ana shan sa?"

Na ce, "Wanda ya sha zai makance, ko ya mutu. Akwai dafi a ciki."

"A sake tambayarsa. In aka raba shi da dafin, abin da ya rage yana bugarwa?"

A duk taron nan ba mai iya ƙaryata ni. In na ce a'a, magana ta mutu, a yi magariba sahu uku, har da ƙari. Na buɗe baki da niyyar in ce a'a, wallahi da niyyar haka na buɗe shi. Ni da nake mai da kaza raƙumi a hira, ƙaramar a'a ɗaya me za ta gagare ni? Amma mutumin da ya yi tambayar ya san amsar, na gani a yadda ya riƙe carbinsa bai ja ba. So yake ya ji wane irin ɗa ya haifa.

"Yana bugarwa, Baba."

Ka ji salati ta ko'ina. Na ɗaga murya na ce su saurara. Na ce sifirit ɗin da ake goga muku kafin allura, shi ne wannan, wa ya taɓa ƙin allura saboda shi? Na ce dawar da ke cikin rumbunanku da ita ake burukutu, ku je ku ƙone rumbunan mana. Na ce ni wuta na dafa, don uwata ta daina kuka a bakin murhu, wanda ya ga abin sha a ciki shi ya san ƙishirwarsa. Ba wanda ya ji. Baffa Ado, riƙe da sauran gemunsa, yana cewa ai ga shi ya faɗa da bakinsa. Dagaci ya ce to, a fasa, a tuba.

Na ce, "Ba zan fasa ba, ba zan tuba ba. In an ga dama a kore ni daga garin."

Baba ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa.

"Ba wanda ya sha, ba a kuma yi don a sha ba. Ni a karatuna ban ga abin da zai tuba a kai ba, ba zan sa shi ya yi wa Allah ƙaryar tuba don a cika mini sahu ba. Amma a karatun nawa dai na ga ba a so mutum ya ja salla alhali masu bin sa suna ƙin sa. Wannan kuma tawa ce, ba tasa ba."

Da aka kira magariba masallaci ya cika har waje, kowa ya zo ganin abin da zai faru. Baba ya shiga ya wuce gaba kamar kullum. Ya sunkuya ya naɗe buzunsa, ya dawo da shi sahun farko, can ƙarshe wajen bango, ya shimfiɗa. Ya ce, "Ado, bismilla." Baffa ya tsaya kamar an dasa shi, don shi kunyata ni ya so yi, bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ya ce Yaya don Allah. Baba ya riga ya ɗaga hannu yana jiran kabbara. Haka Baffa ya ja mu salla, masallaci yana ƙaurin gemu. Ni kuwa a raka'a ukun nan ban san abin da na karanta ba.

Muka fito, yana gaba ina biye, ta cikin lungun da ke tsakanin darni da darni. Ina ta shirya kalmar ban haƙuri, duk wadda na ɗauko sai ta yi mini ƙarama. Muna kaiwa bakin soro ya tsaya, bai juyo ba.

"Haruna."

Na waiga in ga wa ake kira. Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin yadda sunan yake fita daga bakin nan ba.

"Na'am, Baba."

"Saura cokali nawa?"

"Biyu."

"To ka ji. Ba zan bari a ce na bar limanci a kan cokali uku ba, abin kunya ne. Ka koma ka cika kwalba."

Ya shige ciki. Ina jin sa yana ce wa Inna, gemun Ado fa sai an shekara.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Inna ta yi damina guda ba ta ce mini ko "wannan" ba, in za ta ba ni tuwo sai ta ajiye ta buga kwano. Ɗaurin aure da raɗin suna suka koma gidan Baffa. Mutanen da suke cika soronmu da safe suka ragu, har tabarmi biyu aka naɗe aka jingine. Bayan shekara jama'a suka zo da kansu, Baffa a gaba, suka roƙi Baba ya koma. Ya ce ya gano sahu ya fi daɗi, mutum yakan ji da sallarsa shi kaɗai. A ƙarshen sahun nan ya yi sauran shekarunsa tara, a jikin bango. Ni na jawo masa, na sani, kuma ba ranar da nake wuce masallacin ban tuna ba.

Kwalbar kuwa sai da ta ci mini shekara biyu. Garin dillalin nan ya mutu mini sau bakwai, don 'yar ƙazantar da ke cikin hayaƙi takan kashe jan ƙarfe, sai in sake daga wayar injin niƙa. Da aka buɗe jami'a na koma aiki, amma duk ƙarshen mako ina bayan turke. Ban tayar da mota ba, ban haska gari ba, Inna ma har ta rasu da kara take girki. Abin da na yi shi ne ranar da kwalbar lemo ta cika har wuya, na haɗa ɗan murhu da gwangwanin madara, na dafa wa Baba shayi buta guda a soro, da rana tsaka, a kan wutar da ba a gani. Ya aika aka kira Baffa Ado. Baffa ya zauna nesa da murhun, hannunsa ɗaya a kan gemu, ya sha kofi biyu, ya ce sukari ya yi kaɗan.

Sauran shi ne a kwalbar da ke saman kabad ɗina, wadda aka toshe da kakin zuma, wadda na ce duk wanda ya taɓa sai na sayar da shi a kasuwar Ɗambatta. Dafi ce, kada ku kusance ta. Buzun da kuke gani a naɗe kusa da ita kuma kun san na wane ne yanzu.

Saboda haka gobe in wani ya tare ku a hanya ya ce 'ya'yan mai burukutu, ban yarda ku yi kuka ba, ban yarda ku yi dambe ba. Ku ce masa ubanmu ya ce har yau bai tuba ba, kuma ashana tana nan. In yana da shakka ya zo da rana, ya taho da gemunsa.